Neman shawara: Abuja sun ba ni fatent kan giyar keke mai haɗa inji da lantarki, rahoton waje ya ce ba sabuwa ba ce

Bakanike na Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah lauyoyi da injiniyoyin da ke cikin zauren ga ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Ni bakanike ne nan cikin garin Sakkwato, na yi difloma ta kanikanci kafin in buɗe gareji. Tun da anka cire tallafin mai a 2023 masu agwagwa da buje, wato keke napep, ke zuwa wurina da kuka, kuɗɗin da sunka samu rabi gidan mai yake tahiya, shi ya sa na zauna na haɗa wata giya da za ta haɗa injin keke da moto na lantarki su ja tare. Na ciro filanetari daga tsohon giyabos na otomatik, na sa inji a kan mariƙin ƙananan haƙoran nan masu zagayawa, moto a kan haƙorin tsakiya, zoben waje kuma shi ke tura ƙahwahun baya. Na ƙara firwil, wato kuloci mai tahiya gefe ɗaya, ta yadda in an kashe inji cikin goslon kasuwa moto kaɗai zai iya jan keken. Sai matsalar zafi, kun dai san Afrilu da Mayu a garin ga, moton yana ɗaukar zafi har ya fara wari. Sai na sa ɗan tamostat mai kakin zuma irin na lagireto a cikin man giyar, in zafi ya kai wani mataki sai ya kumbura ya tura wani kuloci ya kulle filanetarin gaba ɗaya, inji ya ja kai tsaye moto ya huta, babu kwamfuta babu sensa.

Na shigar da takardar neman fatent, wato shaidar mallakar ƙirƙira, a Abuja, anka ba ni satifiket. Wani ɗan uwana da ya sa kuɗɗi cikin aikin ya ce mu nema a waje, munka bi ta tsarin PCT, wato hanyar neman fatent a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, kafin shekara ta cika. To yanzu rahoton bincike ya iso. Da'awa 8 na rubuta, wato jerin abubuwan da nake cewa ni na ƙirƙira. Ta 1 zuwa ta 4 an sa musu harafin X da wata takarda ta Japan, ta 5 zuwa ta 7 an sa Y da takardu biyu, ta China da ta Amurka, ta 8 kawai, wato ta tamostat, ita ce ba su taɓa ba. Tambayata, ya za a yi gwamnatina ta ba ni shaida masu binciken waje kuma su ce abin ba sabo ba ne? Wallahi ban taɓa ganin takardun nan ba, da hannuna na haɗa abina. In ci gaba ko in haƙura? Ɗan uwan nawa har ya fara cewa kuɗɗinshi sun halaka.

Lauya (Hajiya):
Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka, rahoton da ka samu ba mummuna ba ne, kuma babu wanda ya ce ka yi sata. A dokar fatent ba a tambayar ko ka ga aikin wani ko ba ka gani ba. Abin da ake tambaya shi ne, kafin ranar da ka shigar da takardarka, an taɓa bayyana wannan abu ga jama'a a ko'ina a duniya? In an taɓa, ko da a yaren da ba ka ji ne, ya fita daga sabo.

Game da satifiket ɗin Abuja, dokarmu ta fatent da zane ta 1970 ce, kuma abin da ta ɗora wa magatakarda shi ne ya duba ko takardu sun cika, akwai bayani, akwai da'awa, an biya kuɗi, kuma ƙirƙira ɗaya ce a ciki. Dokar da kanta ta ce ba zai binciki ko abin sabo ne ba, ta kuma ce ana ba da fatent ne bisa kasadar mai shi, ba tare da gwamnati ta lamunce ingancinsa ba. Don haka babu saɓani tsakanin takardun biyu, ɗaya rajista ce ɗaya bincike. Fatent ɗinka na gida yana nan da ransa har shekara 20 daga ranar shigarwa in kana biyan kuɗin shekara-shekara, amma ranar da ka kai wani ƙara a Babbar Kotun Tarayya cewa ya kwaikwaye ka, lauyansa zai ɗauko takardar Japan ɗin nan ya nemi a soke da'awarka ta 1 zuwa 4. Gara da ka sani yanzu.

Haruffan kuma, X na nufin takarda ɗaya tak ta isa ta rushe da'awar. Y na nufin sai an haɗa ta da wata, wato mai binciken yana cewa duk gwani a wannan sana'a da ya ga biyun zai iya haɗa su ba tare da wata sabuwar dabara ba. In ka ga A, takarda ce mai alaƙa kawai, ba ta cutar da kai. Ana iya jayayya da Y, X kuwa da wuya.

Injiniya daga Arkilla:
Oga ina yi maka barka da ƙoƙari tukuna, mutum ya gano tsarin ga shi kaɗai a gareji ba ƙaramin kai ba ne. Amma gaskiya ban yi mamakin X ɗin ba ko kaɗan. Filanetari a tsakanin inji da moto shi ne zuciyar Toyota Prius tun da ta fito a Japan a 1997, inji a kan mariƙi, ƙaramin moto mai aikin janareto a kan haƙorin tsakiya, babban moto a ɓangaren zobe wajen da ƙarfi ke fita. Kuma ba su ne farko ba ma, injiniyoyin kamfanin TRW a Amurka sun samu fatent a kan raba ƙarfi da filanetari tun 1971. Bambancinka da Prius shi ne kai moto ɗaya gare ka su biyu, amma masu moto ɗaya da firwil ma sun cika rumbun fatent, in ka shiga Espacenet ko Google Patents ka buga B60K 6/365 za ka ga na filanetari, B60K 6/383 kuma na kuloci mai tahiya gefe ɗaya, kyauta ne ba a biyan ko kwabo. Wurin ya cika maƙil da manyan kamfanoni tun shekaru.

Abin da ya burge ni ta 8 ɗin ce. Manyan kamfanoni in moto ya yi zafi kwamfuta ce ke rage mishi wuta, saboda su suna da sensa ko'ina, kai kuma ka yi abin da bakaniken Illela ko Tambuwal zai iya kwancewa ya gyara da sufana. Nan ne kasuwarka take. Sai dai ina da damuwa ɗaya ta aiki. Lokacin da tamostat ya tura kulocin, haƙorin tsakiya da zobe ba gudu ɗaya suke yi ba, in kulocin mai haƙora ne zai buga da ƙarfi, keke ya yi tsalle da fasinja ciki, a hankali haƙoran su ɓare. Ya kake daidaita gudun kafin ya kulle? Ni da ni ne da na sa wani...

Lauya (Hajiya):
Injiniya don Allah tsaya nan, kar ka ƙarasa, kai ma ƙanena kar ka amsa masa a cikin zauren nan. Abin da ka riga ka rubuta a takardarka yana da kariyar ranar shigarwa, ko ka faɗe shi babu laifi. Amma duk wani gyara da ba ya cikinta, in aka rubuta shi a gaban ɗaruruwan mutane ya zama an bayyana shi ga jama'a, ba za ka iya neman fatent a kansa gobe ba. Rangwamen da dokarmu ta yi na wata 6 na wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi ne, bai shafi Facebook ko WhatsApp ba. Ku yi maganar ku biyu, kuma ku rubuta yarjejeniya tun yanzu kan wa ke da me in dabarar Injiniya ta shiga ciki.

Injiniya daga Arkilla:
Na gode Hajiya, na yi shiru. Oga zan neme ka ta akwati.

Baba mai sayar da kayan gyara:
Ɗana ni ba ɗan boko ba ne amma na daɗe cikin kasuwar ƙarhe. Mi za ka yi da takardar Turai? Keken nan nawa ka haɗa sunka hau titi? Kuɗɗin da za ku ba lauyoyin waje ku sai batir da moto da su, ku haɗa guda goma ku ba yara su yi ta jigila daga Gawon Nama zuwa tsohuwar kasuwa, in mai keke ya ga man da yake sha ya ragu shi da kanshi zai kawo maka abokanshi. Wanda zai kwaikwaye ka maƙwabcin garejinka ne, shi kuwa bai san wata fatent ba.

Malama a jami'a:
Maganar Baba akwai gaskiya a ciki, amma kar a watsar da takardar gaba ɗaya. Ƙaramin mai ƙirƙira yana iya tsayawa gaban babban kamfani in da'awarsa ta tsaya da kyau. Alex Severinsky injiniya ne da ya yi hijira daga Tarayyar Sobiyet zuwa Amurka, ya samu fatent a 1994 a kan yadda ake sarrafa ƙarfin inji da na moto a motar haibirid, kamfaninsa Paice ya kai Toyota kotu, a 2005 masu yanke hukunci suka ce an taka haƙƙinsa, aka yi ta shari'a har suka sasanta a 2010. Sai dai a lura, shekaru aka kwashe kuma akwai masu kuɗi a bayansa.

Shawarata ka je ofishin NOTAP ko ka rubuta musu, hukumar gwamnatin tarayya ce kuma taimaka wa masu ƙirƙira kan harkar fatent yana cikin aikinta. Sannan a nan gida akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka nemi wanda zai taya ka yin gwaji a rubuce: zafin moto da tamostat da kuma babu shi, man da keke ya sha a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya. Duk wanda zai sa kuɗi lambobi zai tambaye ka.

Bakanike na Mabera:
Allah shi saka muku da alheri, wallahi na ji sanyi. Baba na ji maganarka, guda biyu ne ke kan titi yanzu kuma batir ne ke cinye mu. Hajiya to mi zan yi da rahoton, amsa ake ba su ko shiru ake yi? Kuma ɗan uwana shina son Nijar saboda muna da mutane a Birnin Konni.

Lauya (Hajiya):
Fara da duba ranar da aka aiko rahoton, domin da ita ake lissafin wa'adin gyara. Kana da damar gyara da'awarka cikin wata 2 daga wannan rana, ko wata 16 daga ranar da ka fara shigarwa a Abuja, duk wanda ya fi nisa. Gyaran da zan ba ka shawara shi ne ka ɗauko ta 8 ka narkar da ita cikin ta 1, ta zama: giya mai filanetari da inji da moto, wadda ke da abu mai kumbura da zafi da ke kulle ta. Ka ga ka bar wa mutanen Japan abinsu ka riƙe naka. Da'awa kamar shingen gona ce, ka zagaye har da gonar mutane shi ya sa aka tsayar da kai, yanzu sai ka ja shingen ya tsaya iya inda ka nome. Sharaɗi guda, ba a ƙara sabon abu da babu shi a bayanin farko. In kai da Injiniya kun warware matsalar bugun kuloci, wannan sabuwar takarda ce daban, kuma ku hanzarta, domin a wata na 18 daga ranar da ka shigar a Abuja za a wallafa takardarka ta PCT duniya ta gani, daga nan ita kanta za a iya kawo ta a matsayin hujja a kan sabuwar.

Ta 5 zuwa 7 kuma karanta takardun Y ɗin biyu da kyau, ka sa a fassara maka ta Chinan. In ɗaya ta dogara da kwamfuta ɗaya kuma an yi ta don babbar mota, kana iya cewa gwani ba shi da dalilin haɗa su. Akwai mataki na biyu na bincike da ake nema kafin wata 22 daga ranar shigarwar Abuja, inda za ka yi muhawara da mai binciken, amma kuɗi ne, kuma ra'ayin nasu ba ya ɗaure kowace ƙasa. Ni a matsayinka ba zan biya ba.

Babu fatent na duniya gaba ɗaya, PCT lokaci kawai yake saya maka, zuwa wata 30 daga ranar shigarwar Abuja dole ka zaɓi ƙasashe ka biya kowace daban. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, takarda ɗaya ta rufe ƙasashe 17 har da Benin da Chadi da Kamaru, mu Najeriya ba ma ciki. Wannan ya yi daidai da kasuwarku. Ɗaya wurin da ya cancanci tunani shi ne Indiya, tunda can ake ƙera keken Bajaj da TVS, su wata 31 suke bayarwa kuma suna bincike mai tsanani. Turai da Amurka ku bar su, ba a hawan keke napep a can. Ka nuna wa ɗan uwanka wannan, sannan ku nemi lauyan da ya saba rubuta da'awa ta injina ya yi muku gyaran kafin wata biyun su cika.