Daga Gobarau Zuwa Kusugu a Kan Keke

Ɗan Ƙofar Durɓi:

Assalamu alaikum 'yan uwa mahaya. An gama yankan gero, ruwa ya ɗauke, hanya ta yi daɗi. Ga ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ya". Daga hasumiyar Gobarau a Katsina zuwa rijiyar Kusugu a Daura za mu bi. Wanda ya san hanyar ya karɓa.

Da sunan Rabbu zan fara,
Salati gun Nabi in ƙara,
Nufina yau zuwa Daura,
A kan keke nake tafiya.

Da na idar da sallar asuba,
Birki da sarƙa na duba,
Ban bar ƙusa a kwance ba,
Na ƙara iska cikin taya.

Gobarau na can a bayana,
Gabas na miƙa da ƙarfina,
Sanyin safiya a ƙirjina,
Gari bai waye ba kan hanya.

Na cikin mota yakan ce wai
Ƙasarmu shimfiɗe take kawai,
Ya hau keke ya gani sarai,
Tudu na nan, yana da wuya.

Ka hau jigawa kana nishi,
Cinya na zafi, ga ƙishi,
Ka gangara kwari ka nufi Mashi,
Ka ɗauke ƙafa, ka bar wa taya.

Badauri Mai Keken Tsere:

Wa alaikumus salam. Na karɓa, amma da ɗan gyara, abokina.

Maraba da ɗan ɗakin kara,
Ta Abdu na nan tana jira,
Amma akwai abin lura
Da ka tsallake tun safiya.

Idan hunturu ya kama gari,
Daga gabas take buso da sauri,
Mai zuwa Daura ya fito da wuri,
Kafin da hantsi ta tare hanya.

Tana dukan ka a ƙirji,
Ta kwaso ƙura daga burji,
Ka taka, ka taka har ka gaji,
Idan da giya, ka sauke giya.

Mu in mun nufo ku yamma,
Iskar ce ke mana hidima,
Mu wuce Shargalle ba fama,
Tana ta tura mu ta baya.

Kusan kilomita 80 ne tsakaninmu, Mashi kuwa kusan rabin hanya. Mai keken tsere da ya saba, awa 3 zuwa 4 sun ishe shi. Mai baƙin keke ya ware rabin yini, kada ya yi gaggawa.

Baba Mai Fonis:

Yara, ku ɗan matsa in sa baki, tun da an taɓo baƙin keke.

Ku masu giya da hular kwano,
Mun bi ta tun kuna shan nono,
Daura, Kazaure, har Kano,
Da buhun gero a kan kariya.

Fonis baƙi ne, yana da nauyi,
Bai san gudu ba, aiki yake yi,
Damina, rani, zafi, sanyi,
Bai yar da ni ba a kan hanya.

Ku ratse kwalta ku bi fadama,
Inda da rani ma ake noma,
Albasa, tumatir, alkama,
Inji na jan ruwan rijiya.

Ku je Daberam ku ga ruwa,
Makiyaya na ta shayarwa,
Masu kamun kifi na fitowa,
Ku huta nan gindin tsamiya.

Gawo da rani yake ganye,
Ƙasa ta bushe, ruwa ya janye,
Inuwarsa ce kaɗai a bayan ƙauye,
A nan mahayi zai tsaya.

Wanda ya kafa kai a kwalta yana duban agogo, ya isa Daura dai, amma bai ga ƙasar Daura ba. Kuma in kun shiga ƙauye ku rage gudu ku yi sallama, ku sauka wa dattawan da ke zaune a ƙofar gida.

Mai Faci na Shargalle:

Baba, Allah ya ƙara girma. Waɗanda ka aika burji, rumfata suke sauka da keke a kafaɗa. Ni ƙwar biyu na iya, a yi mini haƙuri.

Baba, batunka dutse ne,
Amma burji yana da ƙaya.

Tsidau na kwance cikin rairayi,
Shi ke huda siririyar taya.

Siririya ta kwalta ce,
A yashi sai ta nutse ta tsaya.

Ka riƙe tib guda a jaka,
Faci da sholisho kar ka ƙi saya.

Sifana da famfo ɗan ƙarami,
Ka ɗaure su tam a kan kariya.

Kafin ka mai da tib ciki,
Ka shafa yatsa cikin taya.

Ƙayar da ta huda tana nan,
Ka bar ta, aiki ya koma baya.

Ƙurar hunturu na cin sarƙa,
Goge, ɗiga mai kaɗan da safiya.

Tirela in ta taho da gudu,
Sauka gefe, ka ba ta hanya.

Wannan na ƙarshe da gaske nake. Tun da aka soma aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda ya biyo ta Daura da Mashi, ina ganin manyan motoci fiye da da. Iskarsu kaɗai takan jijjiga mai keke.

Auta:

Yayye, ni ban daɗe da hawa ba,
Ban taɓa wuce dam ɗin Ajiwa ba,
Ƙafa kan ƙage, ban san dalili ba,
Shin zan iya Daura rana ɗaya?

Badauri Mai Keken Tsere:

Auta, ɗaga sirdi ka daidaita,
Gwiwa ta miƙe, kar ka matse ta,
Ka sha ruwa kafin ka buƙata,
Dabino a aljihu, ci kan hanya.

Wannan karon ka tsaya Mashi,
Sa keke a mota ka komo da shi,
Ƙafa da sabo take rage nishi,
Wata mai zuwa za ka iya.

Malama 'Yar Mashi:

Sannunku da ƙoƙari, Baba ina gaisuwa. Ni ba na tsere, amma kullum da safe ina ganin masu keke a wannan titin da kuke waƙe, kuma ɗalibaina ne. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, iyaye da yawa sun kasa biyan kuɗin mashin.

Ku kuna hawa don nishaɗi,
Wasu dole ce, babu daɗi,
Tun da fetur ya ci kuɗi,
Keke ya dawo irin na jiya.

Ɗalibaina daga ƙauyuka,
Tun da sassafe suke taka,
Wa na tuƙi, rataye da jaka,
Ƙanwa zaune a kan kariya.

Direba, don Allah ka duba,
Gefen titin bai ishe su ba,
Rage wuta ba zai rage ka ba,
Bari su isa aji lafiya.

Ku ma, in kun ga yaro na jan keke,
Tib ya fashe, taya a sake,
Ku buɗe jakar da kuke riƙe,
Minti goma ne, ku tsaya.

Ɗan Ƙofar Durɓi:

Malama, mun ji, mun ɗauka, insha Allah. Baba kuma da ya ambaci ruwa ya tayar mini da wani tsohon miki, wato hanyar dam ɗin Zobe da ke kan kogin Karaduwa.

Akwai hanyar da nake kewa,
Ta Dutsin-Ma, duwatsu da yawa,
A can ne hawa yake hawa,
Cinya ta san an yi tafiya.

Karaduwa ta cika Zobe,
Masunta na ta shirin gobe,
Rana ta faɗa, ruwa ya karɓe,
Gulbin Gada ko yana Jibiya.

'Yan bindiga sun shiga tsakani,
Ƙauyen da kan ba ni fura da rani,
Yau babu mai iya kai ni,
Sai dai mu gaisa ta waya.

Don Allah kada wanda ya nufi yamma ko kudu sai ya tambayi mutanen wurin a ranar, kuma kada ya tafi shi kaɗai. Mu nishaɗi muka rasa. Su gonakinsu da gidajensu suka bari.

Baba Mai Fonis:

Ɗana, Allah ya ji kukanka,
Ya mai da manoma ƙauyuka,
Ya kai mu ranar da za mu taka
Har Zobe, mu dawo lafiya.

Badauri Mai Keken Tsere:

Amin, Baba. To, a tsayar da magana.

Ku taso Asabar da asuba,
Tun iskar gabas ba ta tashi ba,
Ni ma daga nan ba zan makara ba,
Mashi za mu haɗu, tsakar hanya.

Mu sha fura, mu cika gora,
Shargalle mai faci ya ɗan gyara,
Azahar ta same mu a Daura,
Kusugu mu ja ruwan rijiya.

Lahadi mu miƙa Mai'aduwa,
Ranar kasuwa, shanu da yawa,
Kongwalam na gaba, iyakar arewa,
A nan mu juya, mu yo baya.

Masauki na wuyana. Baba, in za ka zo da Fonis, da gudunka za mu tafi.

Mai Faci na Shargalle:

Zan buɗe rumfa tun ƙarfe 7. Auta, ka sa a duba maka birki a Katsina tun ranar Juma'a, don ba za ka iso wurina ba wannan karon.