Mako uku a Turai: karatu ne ko yawon buɗe ido da kuɗin iyaye?

Dattijon Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Ga magana, a tauna. Tafiyar nan da ɗaliban jami'a ke yi zuwa waje ta mako biyu ko uku, da sunan kwas na bazara, yawon buɗe ido ce aka lulluɓe da rigar karatu. Yaro ya dawo da hotuna da takarda mai tambari, sakamakonsa a KASU ko ABU bai motsa ba. Wanda ke da ja ya kawo hujja.

Malama ta Malali: Wa alaikumus salam, Baba. Ina da ja, amma sai an raba tafiyar gida biyu. Akwai wadda jami'a ta ƙulla yarjejeniya da takwararta, akwai wadda ɗalibi ya tsinta a intanet ya biya da kansa. A ta farko, irin ta shirin Erasmus+ na musayar ɗalibai na Tarayyar Turai, ba a tashi sai an cike takardar yarjejeniyar karatu mai sa hannu uku: ɗalibi, jami'arsa, da jami'ar da za ta karɓe shi. A ciki ake rubuta kwas ɗin da zai ɗauka can da wanda zai maye gurbinsa a nan. Kuma ba ya biyan kuɗin makaranta a can. Ta biyun ce maganarku ta fi kamawa.

Ɗan Kawo: Malama, mu yi lissafi. Turai na auna nauyin karatu da ECTS, wato yunit ɗinsu na kwas, zango ɗaya 30, shekara 60, kowane ɗaya aikin awa 25 zuwa 30 ne. Kwas na mako uku da ya ce zai ba da 6, awa 150 ke nan a ƙalla. Raba da kwana 21, ya haura awa 7 kullum har Asabar da Lahadi. A cire ranar sauka, ranar rajista, ranar zaga gari. Ina awannin suke? Baba bai yi ƙarya ba.

Malama ta Malali: Awannin sun haɗa da karatun da ake turowa kafin tafiya da aikin da ake miƙawa bayan dawowa, Malam. Gajeriyar tafiyar Erasmus+ kwana 5 zuwa 30 ce, kuma dole a haɗa ta da darasi ta intanet. Doguwar wata 2 zuwa 12. Ɗalibin da ya yi watsi da ɓangaren intanet, takardar halarta kawai zai samu, ba takardar sakamako ba. Waɗannan takardu biyu ba ɗaya ba ne, kuma a nan iyaye ke ruɗewa.

Injiniyan Barnawa: Ni damuwata kalanda ce. Kwasa-kwasan bazara na Turai daga Yuni zuwa Agusta suke. Tun yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 kalandar jami'o'i da yawa ta goce, sai ka ga Yuli ya faɗo a tsakiyar zango. Zango mako 15 ne na lacca, ana neman halarta kashi 75 cikin 100 kafin a shiga jarrabawa. Mako uku kashi 20 ne. Ƙara zirga-zirgar biza zuwa Abuja, ƙara gwajin da aka yi ba ka nan, wanda yawanci yake cikin maki 30 ko 40 na aikin zango. Yaro ya je neman ƙiba ya samo rama: ga takardar Jamus a hannu, ga kari-oba biyu a gida. Ɗan injiniya kuma kada ya kuskura ya yanke watanni shida na SIWES, wato horon aiki a masana'antu, littafin aikinsa na kullum sai da sa hannun mai kula da shi.

Dattijon Unguwar Rimi: To kun ji. Injiniya ya ƙara min makami.

Hajiya ta Unguwar Sarki: Ranka ya daɗe, wannan ai rashin tsari ne, ba laifin tafiya ba. Maganinsa wasiƙa. A rubuta ta hannun mai kula da aji, zuwa shugaban sashe, zuwa shugaban tsangaya, a haɗa da bayanin kwas ɗin can da adadin awanninsa, a karɓi amincewa a rubuce kafin a sayi tikiti. Amincewar baka ba ta zuwa gaban majalisar jami'a. Shugaban sashe na iya sauka kafin yaro ya dawo.

Sai biza, inda kuɗin ke nutsewa. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ta gajeren zama kwana 90 ce cikin 180. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kada a gaza kwana 15. Amsa kan fito cikin kwana 15, tana iya kaiwa 45. Fasfo ya zama yana da sauran wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu babu komai. Inshorar lafiya ta kai Yuro 30,000. Kuɗin bizar Yuro 90 ne tun Yunin 2024, amma doka ta yafe wa ɗalibin da zai je karatu, sai dai ya biya kuɗin hidimar cibiyar karɓar takardu. Ejan da yawa ba sa faɗin wannan. Abin da ke jawo a hana biza kuwa sananne ne: a zuba miliyoyi a asusun uba ana saura kwana huɗu a buga bayanin banki, alhali ana duba shige da ficen watanni ne. Ko suna a fasfo ya saɓa da na katin makaranta. Ko babu wasiƙar jami'a mai nuna ranar da yaro zai koma aji, wadda ita ce hujjar cewa zai dawo.

Ɗan Kawo: Hajiya, duk wannan ya nuna wahalar ce, bai nuna amfanin ba.

Injiniyan Barnawa: A nan zan raba gari da Baba kaɗan. Akwai abin da mako uku ke saya. Ɗalibin kimiyya da ya san na'urar PCR ta gwajin ƙwayar halitta a hoton littafi kawai, idan ya kwana goma yana haɗa samfur da hannunsa, ya koyi abu. Na biyu, wasiƙar shaida. Neman gurbin digiri na biyu a waje yana buƙatar malamai biyu ko uku da za su shaide ka, kuma farfesan da ya ga aikinka ido da ido zai rubuta abin da ya gani. Amma sai yaro ya miƙa aiki mai kyau, ya kuma rubuta masa cikin makon da ya dawo. Bayan shekara an manta fuskarsa.

Malama ta Malali: Harshe fa shi ne inda zan ba Baba gaskiya. Mako uku ba ya koyar da harshe. Shi ya sa ɗaliban Faransanci ke zaman watanni a Ƙauyen Faransanci na Badagry, na Larabci kuma a na Ngala. Mai son gogewa da araha, Kwatano da Lome ba sa buƙatar biza ga ɗan Najeriya har kwana 90 a ƙarƙashin ECOWAS. Katin rigakafin shawara dai wajibi ne, kuma ba ya aiki sai kwana 10 bayan allura, don haka ba ranar tafiya ake nemansa ba.

Dattijon Unguwar Rimi: Madalla, 'yata. Na rage kaifin maganata a kan wadda jami'a ta sa wa hannu. Wadda uba zai sayar da fili a unguwar Millennium City ta Kaduna ya biya kuwa, ina nan kan bakana.

Hajiya ta Unguwar Sarki: Ko ita, Baba, a tambayi masu kwas ɗin abu ɗaya a rubuce: takardar sakamako mai maki za ku bayar, ko ta halarta? Idan suka yi kwana-kwana, a riƙe filin.

Ɗan Kawo: Idan kuma suka ce mai maki, Hajiya, ECTS 6 ɗin nan yunit nawa sashe zai lissafa? Zango a nan yunit 15 zuwa 24 ne, can 30. Wani sashe zai ce uku, wani huɗu, wani ya ce kwas ɗin ba ya cikin manhajarsa kwata-kwata. Malama, wa ke da ikon yanke wannan, sashe ko majalisa?