Jaririyarmu tana yawan kuka, an ce a ba ta ruwa: wa ya kamata ya duba shayarwar?

Sabon Uba ya rubuta:

Assalamu alaikum. Allah ya albarkace mu da 'ya mace, haihuwar fari, ko suna ba a yi ba tukuna. Maiɗakina tana gidan iyayenta a Kano tana wankan jego. Abin da ya dame ni shi ne jaririyar tana yawan kuka, ta kama nono ta saki, ita kuma uwar kan nononta ya tsattsage har tana fargabar lokacin shayarwa. Surukata ta ce nonon ne bai wadata ba, ga zafin bazara, don haka a riƙa ba ta ruwa da cokali, a kuma sayo madarar gwangwani. A wurin awo an ce mana nono zalla har wata 6, amma ina jin nauyin yin musu da uwar matata. Shin akwai ma'aikatan da aikinsu ne duba yadda ake shayarwa, ko kuwa haƙuri za mu ci gaba da yi?

Ungozoma ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Akwai su, kuma ba sai kun je nesa ba: ungozomar asibiti ko nas ɗin ɗakin haihuwa inda ta sauka an koya musu wannan aiki, kuma dama ana so mai jego ta koma a duba ta da jaririnta a kwana na 3, sannan tsakanin kwana na 7 da na 14, sannan a mako na 6. Idan kun je, ku roƙi ma'aikaciyar ta zauna ta kalli shayarwa ɗaya daga farko har ƙarshe, domin abin da ka kwatanta ba a gane shi ta waya.

Tsagewar kan nono a makon farko galibi alama ce ta cewa jaririyar kan nonon kaɗai take tsotsa. Idan haka ne, uwa tana shan zafi, jaririya kuma tana wahala ba ta samun abin kirki, sai ta saki ta yi kuka, mutanen gida su ɗauka nono ne babu. Kamun da ya yi daidai yana da alamomi: bakinta a buɗe sosai, leɓenta na ƙasa ya lanƙwaso waje, haɓarta tana taɓa nonon, baƙin da ke kewaye da kan nono kuma an fi ganinsa ta saman bakinta. A juyo da cikinta ya fuskanci cikin uwa, kanta da jikinta a miƙe, a kawo ta ga nono maimakon uwa ta sunkuya mata.

Kuka ba ma'auni ba ne. Jariri sabon haihuwa yana sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, kuma daga kwana na 5 ana so ya jiƙa kunzugu sau 6 ko fiye, kashinsa ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ɗorawa. Raguwar nauyi kaɗan a kwanakin farko ba abin tsoro ba ce, matuƙar ya dawo nauyin haihuwarsa cikin kwana 10 zuwa 14. Sikelin asibiti ne zai raba wannan gardama. Batun ƙishirwa kuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Ruwan cokali yana cika mata ɗan cikin nan, ta rage tsotso, nono kuma ya ragu, tun da yawan tsotso ne ke kawo shi, balle a ce ruwan ya zo da gudawa.

Uwar Uku ta amsa:

Ɗan'uwa, bayanin ungozoma ya wadatar, ni dai a kan surukarka zan yi magana. Kada ka je mata da cewa asibiti sun hana, domin za ta ji kamar ka raina goyon da ta yi wa matarka. Ka roƙe ta ta raka 'yarta asibitin, ta ji da kunnenta, ta ga sikeli da idonta. Ita ce ke kwana da su, kuma abin da ta yarda da shi ne za a yi da tsakar dare. Akwai kuma kunyar ɗan fari, wadda ba a cika faɗa ba. Yarinya da yawa tana jin nauyin a gan ta rungume da ɗanta a gaban 'yan barka, sai ta jinkirta ba shi nono har ya gaji da kuka, a lokacin kuma kamun yana wuya. A samar mata wurin da za ta keɓe, ta ba jaririyar nono tun tana motsa baki tana kai hannu, kafin kukan ya fara. Kunun kanwar da ake ɗura wa mai jego don nono ya kawo, a sassauta shi; likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan shan kanwa da ciwon zuciyar masu jego.

Ma'aikacin Lafiya ya amsa:

Malam, abin da kake nema haƙƙinku ne a asibiti. Tun 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin asibitoci masu goyon bayan shayarwa, wanda ya ɗora wa ma'aikata nauyin taimaka wa uwa ta sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, ya sha dakashi, wato nonon farko, a kuma nuna mata kamu kafin a sallame ta. Cunkoso yakan sa a tsallake wannan mataki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla.

Sai dai ba na so a ɗauki madarar gwangwani kamar guba. Akwai jariran da ke buƙatarta, amma ma'aikacin lafiya ne zai yanke wannan bayan ya auna, ba mai kemis ba. Zuma kuwa ba a ba jaririn da bai cika shekara ba ko kaɗan. Idan jaririyar ta ƙi tsotso gaba ɗaya, ko jikinta ya yi zafi ko sanyi, ko ta yi laushi ba ta farkawa, ko idonta da tafinta suka yi shawara, ko numfashinta ya yi sauri, ku tafi asibiti a lokacin, ko da dare ne.

Sabon Uba ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Surukata ta amince za su je da safe. Amma idan zafin ya hana ta shayarwa a daren nan, me za a yi?

Ungozoma ta amsa:

Ta fara da ɓangaren da bai fi ciwo ba. Idan ta kasa jurewa, ta wanke hannu ta tatsa a kofi mai tsafta, a ba jaririyar da ƙaramin kofi tana zaune a tallafe, a bar ta ta lasa da kanta, kada a zuba mata a baki. A guji bulumboti a yanzu, domin yana iya ƙara ɓata kamun kuma wankinsa yana da wuya. Nonon da aka tatsa kada ya wuce awa 4 a ɗaki, musamman a wannan zafi. Bayan kowace shayarwa ta shafa ɗigon nononta a kan tsagar ta bar shi ya bushe, ta daina wanke wurin da sabulu. Idan wani sashe na nonon ya yi tauri, ya yi ja, zazzaɓi ya biyo baya, ta ci gaba da fitar da nonon, ta kuma faɗa wa ma'aikaciyar da zarar sun isa.