Abin da aka tsayar a kan kula da filin yaƙin Burmi

Jama'a, mun daɗe muna tattaunawar nan, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda a fara da shinge da allon bayani. A Burmi ne Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a yaƙi da Turawan Ingila ranar 27 ga Yulin 1903, kusa da Bajoga a jihar Gombe. Idan babu iyaka a fili, gona tana ci kaɗan-kaɗan har kunya ta isa bakin kabari.

2. Kuɗi. Mafi yawa sun ce a fara bi ta hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa da masarautar yankin, sannan a nemi tallafin waje, kamar asusun jakadun Amurka na adana al'adu da aka kafa a 2001. Masu ba da tallafi suna neman taswira, hotuna da lissafin kowane kwabo, ba dogon kirari ba.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce kuɗin Turawa bai dace da wurin da Turawa suka zubar da jini ba, gara attajiranmu su ɗauki nauyi. Wasu suka ce attajiran sun yi shekaru suna kallo. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

4. Lambar yabo: a ba dattawan da ke share kaburburan, ba babban baƙo mai yanka zare a biki ba.

5. A naɗi muryar tsofaffin da suka gaji labarin tun suna raye.

An tabo Tafkin Kwatto da Alkalawa, filayen yaƙin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, an bar su sai zama na gaba.