Miyar jatan lande irin ta Kerala ta ƙi yi mini

Maman Afnan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara na raka Hajiyarmu jinya birnin Kochi na jihar Kerala a Indiya, a can muka ci wata miyar jatan lande da suke kira chemmeen curry. Ja ce, ga yaji, ga ɗan tsami, ga ƙamshin kwakwa. Da Hajiya ta fara samun sauƙi, ita kaɗai take iya ci da farar shinkafa. Yanzu ta ce tana marmarinta. Sau biyu ina gwadawa: jatan landen ya yi tauri kamar roba, madarar kwakwar ta yi gudaji, kuma ba abin da ake ji sai zafin attarugu. Don Allah a ina na kuskure?

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Minti nawa yake yi a wuta?

Maman Afnan: Amin. Tare da albasa nake zuba shi, ya kai minti 25.

Ummu Sadik: To ga matsalar nan. Jatan lande ba naman sa ba ne, minti 3 zuwa 4 ya ishe shi. Sai miya ta gama haɗuwa ake sa shi, da ya canza launi ya ɗan lanƙwashe ki sauke. Kafin nan ki tsaga bayansa ki zare baƙin zaren nan, hanjinsa ne. In na firiza ne, ki bari ya narke, ki tsane ruwan sosai.

Anti Bilki: Ki zuba garin kori da yawa, ƙanwata, ɗanɗanon zai fito.

Maman Twins: Anti, ki yi haƙuri, garin kori na kanti ba zai ba ta abin da take nema ba. Na zauna a Kerala lokacin karatun maigidana, ban ga suna sa shi ba. Maman Afnan, ki ɗora man kwakwa, ki zuba ƙwayar mastad har ta fara tsalle, ki sa hulba 'yar kaɗan, don in ta yi yawa ɗaci take. Sai albasa, citta da tafarnuwa. Ki rage wuta ki sa kurkum, garin kusbara da garin barkono. Jan nan da kika gani daga barkonon Kashmir yake, mai launi ne, ba shi da zafi sosai. Ki daka busasshen tattasai a madadinsa, ki haɗa da barkono kaɗan, ki ajiye attarugu, ƙamshinsa danne komai yake yi. Tsamin kuma na wani busasshen ɗan itace ne da suke kira kudampuli, amma ruwan tsamiyarmu ya wadatar. Madarar kwakwa a ƙarshe ake zubawa, a wuta ƙasa-ƙasa, kada ki bari ta tafasa da ƙarfi, abin da ya sa taki ta yi gudaji ke nan. Ni a tukunyar ƙasa nake yi kamar yadda suke yi, in rufe ta ta huta awa ɗaya kafin a ci.

Ummu Sadik: Na manta, ganyen kori na kasuwarmu daban yake da nasu, nasu ganyen wata bishiya ne ta daban. In ba ki samu nasu a kantin kayan Indiya ba, gara ki bar shi.

Maman Afnan: Ashe ganyen ma na sa ba daidai ba! Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar zan kai wa Hajiya in sha Allah. Maman Twins, tsamiyar kafin madarar kwakwa ko bayanta?

Maman Twins: Kafin. Ki bari ta dahu da kayan ƙamshin minti 10, sannan madara, sannan jatan lande.