Neman inda inji yake shan iska da feshin wanke kafireto: yaya ake kauce wa gobara?

Mai Motar Haya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Motata mai silinda huɗu ce, ƙirar 2006, kuma tun shigowar hunturu injin yake rawa da sassafe idan yana silo, sai ya yi zafi sannan ya daidaita. Na'urar gwaji ta nuna lambar matsala P0171, an kuma shawarce ni in fesa maganin wanke kafireto a kan tiyoyi. Ina fargaba, domin na san maganin yana kamawa da wuta.

Bakaniken Panteka:
Wa'alaikumus salam, Malam. Fargabarka tana kan hanya. Lambar tana nufin iska ta yi wa fetur yawa, galibi saboda tana shiga ta wata kafa bayan na'urar auna iska, kwamfutar motar ba ta lissafa da ita ba. Da zarar feshin ya faɗa kan kafar, injin zai zuƙe shi kamar mai, sautinsa ya canza.

Ka yi aikin da safe tun injin yana da sanyi, a fili, da tukunyar kashe gobara a gefenka. Sanyin nan yana da amfani biyu: bakin salansa bai yi zafin da zai kunna maganin ba, sannan gasket ɗin manifol (abin da ke toshe mahaɗar bututun shigar iska da inji) da ya tsufa yakan tsuke da sanyi ya buɗe kafar, wanda ya yi daidai da abin da ka bayyana. Ka tayar da injin ka bar shi yana silo, ka sanya siririn bututun gwangwanin, ka fesa kaɗan a wuri guda, ka saurara kafin ka matsa gaba. Ka nisanci altaneta da wayoyin fulogi, kuma kada ka tsaya da babbar riga kusa da fanka da bel.

Abu Safiyya:
Ranka ya daɗe, ina da ƙari. Kada a ɗauki maganin wanke birki mai sinadarin kulorin a madadinsa, domin idan ya ƙone yana fitar da fosjin, iskar guba mai lalata huhu. Ni na fi son ruwa zalla a kwalbar feshi. Silon zai ɗan faɗi idan an dace da wurin.

Bakaniken Panteka:
Gaskiya ne, ruwan ya fi aminci, sai dai ƙaramar kafa takan ɓuya masa. Idan duka biyun ba su nuna komai ba, Malam, ka nemi garejin da ke gwaji da hayaƙi, wato a tura hayaƙi cikin hanyar iskar a ga inda yake fita, domin shi ana yin sa ne injin yana kashe.