Neman shawara: an ce na mai da Booth jarumi a rubutuna

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta gajeren fim na minti 20 a kan John Wilkes Booth, wanda ya harbe shugaban Amurka Abraham Lincoln ranar 14 ga Afrilu 1865. Na fara da ƙuruciyarsa a Maryland, da yadda mahaifinsa da yayansa Edwin suka yi suna a wasan kwaikwayo, shafi tara kenan. Sai harbin, harsashi biyu, ya tsere, washegari sojoji suka rutsa shi. Duk wanda ya karanta sai ya ce na mai da shi jarumi. Saura mako biyu mu fara ɗauka. Ina zan gyara?

Malam Tarihi: Wa alaikumus salam. Malam, fara gyara kurakurai tukuna. Bindigar 'yar ƙarama ce mai cin harsashi ɗaya, shi ya sa ya zaro wuƙa ya yanki Manjo Henry Rathbone, wanda ke zaune tare da Lincoln, a hannu kafin ya dira daga benen da suke kan dandamalin gidan wasan Ford, inda aka yi harbin. Kuma ba washegari ba ne, kwana 12 yana ɓuya da karyayyiyar ƙafar hagu, wadda Dakta Samuel Mudd ya ɗora masa. Ranar 26 ga Afrilu aka rutsa shi a rumbun taba na gonar Garrett a Virginia, aka cinna wa rumbun wuta, wani soja, Boston Corbett, ya harbe shi a wuya. Jikinsa ya shanye, ya yi sa'o'i kafin ya cika. Shafi taran nan mai da su biyu. A gurbinsu ka sa jawabin 11 ga Afrilu, inda Lincoln ya goyi bayan ba wasu baƙaƙen fata damar zaɓe, Booth yana cikin taron. Mai goyon bayan bauta ne, in ka ɓoye wannan dole ya fito jarumi.

Yar Gidan Karatu: Maganar ƙafar akwai saɓani fa. Booth ya rubuta cewa a dirar ya karye, wasu masana sun ce dokinsa ne ya faɗi da shi a hanya. Ni dai ka bar harbin gaba ɗaya, fim ɗin da darakta Steven Spielberg ya yi a kan Lincoln a 2012 bai nuna shi ba.

Dan Kallo: Abin haushin masu fim ke nan, kullum a ɗauko kyakkyawan saurayi a sa masa kiɗan tausayi. Lewis Powell, abokin makircin Booth, da ya daddatsa sakataren harkokin waje William Seward a daren nan wa yake tunawa da shi?

Malam Tarihi: A'a Hajiya, minti 20 babu harbi me ya rage? Ya nuna dirar, ɗingishi ya fara daga baya.

Mai tambaya: Na gode, amma shafukan ƙuruciyar su ne zuciyar labarin, ba zan taɓa su ba. Rumbun kuma ba mu da kuɗin ƙona shi. Harsashi biyun ma ai fim ne, ba darasi ba.

Malam Tarihi: To canza masa suna mana.